Ta Goma Sha Ɗaya a Hoton Ɗakin Haihuwa

"…lafiya lau nake, kai ne dai na ga kamar ba ka kwana lafiya ba. Wannan rama haka, Maigida? Wuya kamar na zakaran da aka fige."

"Dole in rame, Amarya. Duk wanda ya auri mace mai haƙori huɗu ai tunani kaɗai ya ishe shi abinci."

"Biyar ne. Ka sake ƙirgawa, in dai ba tabarau ɗin naka na ado ba ne."

"Na biyar ɗin yana rawa, ban sa shi a lissafi ba."

Haka suke gaisawa, kuma duk ranar da ka ji sun gaisa da ladabi, to ɗayansu ba shi da lafiya. Kaka tsohuwar ungozoma ce, shekara talatin da shida ta yi a ɗakin haihuwa kafin ta ajiye aiki. Dogon da take kira Maigida jikanta ne na fari. Ya haura talatin, yana aiki a ɗakin karatu, inda aikinsa shi ne ya san inda kowane littafi yake kwana.

Duk Asabar da hantsi yakan zo su zauna gaban kwamfutar da mijin Kaka, Marigayi, ya bari a kan teburin bakin taga. Hotuna ne a ciki sun fi dubu uku, kuma babu mai suna ko guda, sai lambobi. Kaka ke faɗin su wane ne a hoto, shi yana rubutawa. Sun gama da sababbi, waɗanda aka kwaso daga wayoyin 'yan gida. Yau ne za su shiga tsofaffin, waɗanda Marigayi ya bi ɗaya bayan ɗaya ya kwafa cikin na'urar a shekarunsa na ƙarshe.

Tsofaffin nan kuwa su Kaka ke gudu. Ranar Talata, tana zaune ita kaɗai tana danna kibiya tana kallo, ta ci karo da hoton ma'aikatan ɗakin haihuwa a barandar asibiti. Mata goma sha ɗaya. Ta jero goma ba gargada, har da mazajensu da abin da ya taɓa haɗa ta faɗa da kowace. Ta goma sha ɗayan, wata siririya a gefen hagu mai riƙe da jaka, ta ƙi zuwa. Kwana huɗu ke nan tana juya fuskar a ranta, ko harafin farko na sunan bai leƙo ba. Wannan fa matar da take taƙamar cewa ko a kasuwa ta haɗu da wanda ta karɓi haihuwarsa, za ta gaya masa da kai ya fito ko da ƙafa. Kuma ta san yadda yayarta ta fara. Da fuska ɗaya a hoto ta fara, ta ƙare tana tambayar 'ya'yan cikinta daga ina suke. Tsoro Kaka take ji, tsoro na gaske, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Shi ya sa yau ta tashi da kame-kame. Ta sa ya gyara labule, ta sa ya sauya kujera, ta ce shayin ya yi zafi, da ya huce kuma ta ce ya yi sanyi.

"Kafin ka taɓa komai," ta ce, "sake nuna mini yadda ake yi. Ba na son ranar da ka gudu ka bar ni in rasa inda zan kama."

"Sau uku ina nuna miki."

"Sau uku kana nuna wa kanka. Hannunka kamar na ɗan sane, kafin in ƙifta ido ka gama."

"To ga maus. Ɗora kibiyar a kan hoton, ki danna ɓangaren dama. Dama na ce, Amarya, hannun da kike marina da shi."

"Da duka biyun nake marinka."

"Ga jeri ya fito. Na can ƙasa shi ne bayanan fayil, danna shi. Yanzu shiga shafin cikakken bayani, wancan na sama. Kin ga gurabe? Wannan na take ne, wannan na alama, wannan na sharhi. A sharhi ake zuba labari. A alama kuwa kalma ɗaya-ɗaya ake sawa, kina raba su da waƙafin nan mai ɗigo a ka."

"Wahalar banza. Me ya hana ka buɗe wa kowa folda, kowa ya shiga ɗakinsa?"

"Hoto ɗaya, ga ke, ga Baba, ga Inna a ciki. Ɗakin wa zai shiga? Alama kuwa ko goma sai ki liƙa masa. Kuma a jikinsa take, duk inda aka kwafe shi da ita zai tafi."

Kaka ta yi tsaki. "Ka ce kawai takardar hannun jarirai. Mu tun kafin a haifi ubanka muke ɗaura wa jariri takarda a hannu, sunan uwa da lokaci, don kada a musanya. Ita ce kuka sa wa wutar lantarki kuke mana yanga."

"Ni ma an ɗaura mini?"

"Kai ba a ɓata takarda ba. Wa zai ɗauki wannan kan bisa kuskure? Har roƙo aka yi a musanya ka, aka rasa mai karɓa."

Ya yi dariya ya jawo madannai gabansa. "Bari in tuna miki amfanin abin. Kin ga gurbin neman nan na sama? Duk alamar da na rubuta, hotunan da ke ɗauke da ita za su fito. Ga shi, na rubuta Maigida."

Hotuna arba'in da ɗaya suka jeru a allo, duk da fuskarsa. Ya buɗe bayanan ɗaya don ya nuna mata, sai ya tsaya ya gyara zaman tabarau.

"Amarya, wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Aljanu."

"Aljanun ne suka ƙara mini alama? Maigida, waƙafi, marowaci, waƙafi, ba ya kawo tsaraba." Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. "Duka arba'in da ɗayan?"

"Ai kai ka ce in an zaɓe su gaba ɗaya, rubutu ɗaya ya wadatar. Na zaɓa, na rubuta, na danna maɓallin amincewa. Ban manta da shi ba kamar wani da na sani, wanda ya cika gurbi da labari makon jiya ya rufe bai danna ba, muka koma daga farko."

"Lemo nawa na kawo miki makon jiyan?"

"Uku. Ɗaya ruɓaɓɓe, biyun kuma kai ka shanye."

"To yanzu zan goge."

"Ka goge in mayar. Sai jikokinka sun san wane ne kakansu. Su rubuta marowaci kawai, fuskarka ta fito sau arba'in da ɗaya."

Kaka ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, don dariyar a rabi ta tsaya. Ya juyo da kujerar ya dube ta.

"Tsaya tukun. Matar da ta iya wannan aika-aikar ita ce ke cewa in sake nuna mata inda ake dannawa?"

"Tsufa ne."

"Tsufan bai hana ki zagina da waƙafi ba. Me ke cikin tsofaffin hotunan nan da ba kya so in gani? Wani saurayi ne kafin Tsoho?"

"Samari ai layi suke yi har bakin titi. Kakanka da takardar neman alfarma ya zo, kwafi uku, shi ya sa aka duba shi."

"To mu buɗe mu ga layin."

Ta ga babu sauran wurin ɓuya. A ɗakin haihuwa ta koyi cewa mai wuyar ake fara dubawa, masu sauƙin su jira. Ta ajiye kofin shayin ta gyara zama.

"In za ka buɗe, buɗe na ɗari da goma sha bakwai. A gama da shi."

Hoton ya cika allo, fari da baƙi, mata cikin fararen kaya sun jeru a baranda, rana tana dukan idanunsu.

"Ɗauki takarda ka fara da sunan da muke kiransu, na gaskiyar daga baya," ta ce. "Ta tsakiya mai hula, Babbar Sista. In ta yi tari a bakin ƙofa har jarirai shiru suke yi. Ta kusa da ita Mai Allura, sai ta gama ta tafi kake jin zafin. Sai 'Yar Gayu, wadda ke goge takalmi kafin ta duba mai naƙuda. Wannan Uwar Biyu. Wannan Sarkin Barci, ita ce ta taɓa gyangyaɗi a tsaye riƙe da fitila. Ga ni nan. Ka ga kyau, ka ga abin da ka tsinta a ɓagas."

"Na ga haƙora dai cike da baki. Ina suka tafi?"

"Rainon irinka ya cinye su."

Ta ci gaba da jerowa har ta kai kan Gajeriya, ta goma. A nan bakinta ya tsaya.

"Ta ƙarshen fa?" ya tambaya. "Mai jaka."

"Wannan ba ta kai a rubuta ta ba."

Ya ajiye takardar ya dube ta. Ya san ta, in tana jin haushin mutum sai ta ba ka tarihinsa tun daga kakanninsa. Ita ma ta san ya sani. Ta dubi hannayenta a kan cinya, hannayen da suka karɓi rabin mutanen unguwa.

"Ban san ta ba, Maigida," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun Talata nake nemanta. Mace ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Gajeriya, ka san ba baƙuwa ba ce. Na yi aiki da ita, wataƙila mun ci abinci a kwano ɗaya, amma ta goge tas. Haka Yaya ta fara."

"Haba, Amarya. Mutum goma kika jero da laifin kowace. Ni abin da na ci jiya ma ban sani ba."

"Kada ka lallashe ni. Shekara talatin da shida ina ce wa mata saura kaɗan alhali da sauran aiki. Na san muryar."

Ya san gaskiya ta faɗa. Can ya ce, "To mu rubuta goman yau, tun suna hannu. Ta sha ɗayan mu bar mata gurbi."

"Rubuta. Ai dalilin da ya sa nake matsa maka da zuwa ke nan, ba don kyan fuskarka ba."

Da kanta ta kama maus ɗin. Ta danna dama, ta gangara ƙasa, ta shiga shafin cikakken bayani. Ta kai kibiyar kan gurbin sharhi, sai ta ga ba fanko ba ne. Akwai rubutu a ciki, ƙanana, layin ya wuce bakin gurbin.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Yau na fara buɗe foldar nan." Ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya bi layin da kibiya. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. "Tsoho ne."

"Karanta."

Ya karanta a hankali. "Ma'aikatan ɗakin haihuwa, ranar da aka buɗe sabuwar baranda. Ni na ɗauka da kyamarar aro. Goma ma'aikata ne, a tambayi uwargida, ta fi ni sanin laifin kowace. Ta gefen hagu mai jaka ba ma'aikaciya ba ce. Tambayar hanyar ɗakin magani ta zo yi, ta ga ana jeruwa, ita ma ta jeru. Babu wanda ya san ta. Katakon firam ya rufe ta shekara arba'in, sai yau da na ciro hoton na tuna da ita. Kada kowa ya wahalar da kansa."

"Sake karantawa."

Ya sake, daga farko har ƙarshe.

"Tambayar hanya ta zo yi," in ji Kaka.

"Haka ya ce."

"Ba ma'aikaciya ba ce."

"Ko shara ba ta taɓa yi muku ba."

Ta rufe ido ta hango hoton yadda ta san shi lokacin yana rataye a bangon tsohon gidansu. Lallai kuwa, Gajeriya ce ta ƙarshe a hagu, kafaɗarta manne da katako. Sai dariya ta taso mata tun daga ciki, irin wadda ba a iya tarewa. Ta yi ta yi har da riƙe bakin tebur, hawaye na bin kumatunta, ita kanta ba ta san na dariyar ne ko na wani abu ba.

"Kwana huɗu ina yawo da matar nan gida-gida a cikin kaina," ta ce tana share fuska da bakin mayafi. "Na kai ta makarantar koyon aiki, na kai ta tsohuwar unguwarmu, har na fara zargin ƙanwar Mai Allura ce. Ashe 'yar kutse ce. Dubi yadda ta gyara tsayuwa, har ta fi mu murmushi."

"Ni dai na ga ta fi ki kyau."

"Je ka neme ta. Wataƙila har yanzu tana can tana neman ɗakin magani."

Shi ma ya cire tabarau yana gogewa, wai gumi ne ya lulluɓe gilashin. Kaka ta gani ta ƙyale shi.

Da dariyar ta lafa sai godiya ta cika mata ƙirji, har da 'yar kunya. Shekara biyu ta yi tana yi wa Marigayi mita, tana cewa ya bar masu rai ya koma hira da akwati. Shi kuwa mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron fayiloli a ofis, kuma a wajensa takardar da ba a rubuta bayaninta ba ɓatacciya ce ko da tana kan tebur. Bai sauya wa hotunan lamba ba don kada jerin albam ya rikice. A ciki ya sa bayanin, inda ba zai faɗi ba, kuma bai gaya wa kowa ba, don shi da ma magana ba ta dame shi ba. Ga shi shekara biyu bayan an rufe shi, ya miƙo hannu ya sauke mata kayan da ta kasa gaya wa 'ya'yanta tana ɗauke da su.

"Duba wani," ta ce. "Mu ga ko wannan kaɗai ya yi wa."

Suka buɗe biyar a jere, kowane da sharhinsa, gajere, ba ƙari ba ragi. Na shidan Marigayi ne zaune a kujera riƙe da jariri.

"Wannan kai ne. Karanta, kada ka tsallake ko kalma."

"Jikana na fari, yana da kwana tara," ya karanta. "Minti biyu bayan wannan hoton ya jiƙa mini sabuwar riga. Na yafe, amma a rubuta."

"Ka ji ko. Tun kana kwana tara tsarabar da kake kawo wa mutane ke nan."

"Ku biyun nan haɗa baki kuka yi. Ɗaya a alama, ɗaya a sharhi, ina zan sa kaina?"

Suka koma kan hoton barandar. Ta ba shi sunaye goma na gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, yana sawa a gurbin alama yana raba su da waƙafi. Da ya gama ya tambaye ta me za a sa wa mai jaka.

"Sa baƙuwa." Ta sake duban siririyar. "A'a, goge. Shekara arba'in tana tsaye a gefenmu cikin duhun katako ba ta yi ƙorafi ba. Sa 'yar gida."

Ya sa. Zai danna na amincewa ta riƙe masa hannu.

"Matsa. Akwai sauran wuri a ƙarƙashin nasa?"

"Akwai."

Da yatsa ɗaya ta rubuta, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bai taya ta ba, bai kuma yi mata tsiya ba. Da ta gama ya karanta a zuci: Uwargida ta gani. Hankalinta ya kwanta. Ta gode, Allah ya kai haske kabarinka. Ita ta danna na amincewa da kanta.

Daga nan ta jawo aljihun teburin ta lalubo wani ɗan agogo mai ƙugiya, irin wanda ma'aikatan jinya ke maƙalawa a ƙirjin riga, ta dangwara masa a tafin hannu.

"Ungo. Ba don halinka ba."

Ya kai shi kunne ya girgiza. "Ba ya tafiya, Amarya."

"Ya yi tafiyarsa ya gama. Da shi na duba lokacin isowarka. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, ranar Laraba, ana yayyafi. Nauyinka kilo uku da ɗan ɗoriya, kunnen hagu a naɗe. Uwarka ta cije ni a nan, ubanka kuma yana waje yana tambayar masu shara ko an sauka."

"Wa ya tambaye ki duk wannan?"

"Babu. Inji nake gwadawa."

Ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya, agogon na lilo a yatsarsa. "Na sallama. Kan nan naki ya fi kwamfutar."

"Da ma. Amma ka ci gaba da rubutawa, Maigida, don ranar da nawa ya gaji a samu inda za a duba." Ta jawo kujerarta kusa da tasa. "Buɗe na gaba."